La'adar Nedim

Yau babu doguwar gaisuwa, masu karatu. Ku da kuka cika min akwatin saƙo kuna cewa, "Ilhana ki rage yanga, namiji irin Nedim ba kullum ake samunsa ba," ku matso kusa, da ku nake.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Ilhana, shekarata ashirin da takwas, ina aiki a wani kantin magani a garinmu Gračanica. Mu uku ne a gida kuma duk mata, ni da Mama da Nana, mahaifiyar Babona, wato ubana. Da Babo ya rasu, ko sadakar arba'in ba a yi ba ƙannensa biyu suka ce a sayar da gida a ba kowa rabonsa. Ni kaɗai ce mai albashi, don haka ni na je banki na jinginar da gidan, na ci bashi na sallame su. Tun daga ranar, duk wata kafin in ga albashina banki ya riga ya gutsiri nasa. Ban taɓa kuka da wannan ba, gidan ubana ne.

Sai ga ruwan watan Satumba. Rufinmu tsoho ne, tayal ɗin sun farfashe, katakon ƙarƙashi ya ruɓe. Ɗakin Nana ya fi shan wahala. Silin ya kumbura ya yi ruwan ƙasa, baƙar fumfuna ta hau bango har bayan hoton Babo. Muka jera bokiti biyu da roba da babbar tukunyar miya a kan kafet. Wata safiya na shiga na tarar da ita zaune a gefen gado, ɗankwalinta ya jiƙe ta gefe guda.

"Ki bar shi, 'yar nan," ta ce. "Yanzu ina kwance alwala take zuwa ta same ni."

Na yi dariya a gabanta, na fito na yi kuka a banɗaki. Tari take yi tun lokacin, kuma ni da nake sayar da magani na san irin tarin.

Nan Nedim ya shigo maganar. Ɗan wata ƙawar Mama ne, Hajrija. Yana da ɗan ofis kusa da kasuwa inda yake nema wa mutane bashi a bankuna. Baƙar mota 'yar Jamus, takalmi mai tsini, farar riga da ba ta taɓa yamutsewa, turarensa yakan riga shi sallama. Wata shida yana zuwa gidanmu, ban ce masa eh ba, ban ce a'a ba. Kuma kada ku ce na ɓoye muku, akwai ranakun da ya burge ni. Yakan durƙusa ya sumbaci hannun Nana ya kai goshinsa. Shi ya sauke mana itacen hunturu da hannunsa, da farar rigar tasa. Idan na tashi aiki a makare nakan tarar da shi a bakin kanti da burek, wani gasasshen abincinmu mai nama a ciki, da zafinsa a takarda.

Da ya ga ɗakin Nana sai ya dafe ƙirji.

"Tetka Subhija," ya ce wa Mama, wato Inna Subhija, "ina raye kuna kwana a haka? Kawuna Majstor Ragib mai gyaran rufi ne, gobe zai zo ya duba. Maganar kuɗi kuwa, ƙari kawai za a yi wa Ilhana a kan tsohon bashinta. Abu ne na kwana uku. Ki bar min komai."

Mama ta kalle ni da irin kallon nan na "kin gani ko".

Majstor Ragib (Majstor laƙabin mai sana'ar hannu ne a wurinmu) ya zo, ya hau, ya sauko, ya ce marka dubu goma sha tara a kuɗinmu. Muka nemi dubu ashirin. Ranar sa hannu Nedim ya ɗauke ni daga wurin aiki, ya zauna kusa da ni a bankin, shi ke buɗe shafi yana ɗora yatsa. "Nan. Nan. Sai nan." Na yi niyyar karantawa, ya yi 'yar dariya ya ce, "Kin taɓa ganin na zo kantinku ina karanta takardar cikin kwalin magani? Na yarda da ke, ke ma ki yarda da ni." Na sa hannu. Muka fito ya saya min kek.

Ranar Laraba ina cikin ƙirga wa wani tsoho ƙwayoyin hawan jini wayata ta yi ƙara. Saƙon banki ne, dubu goma sha biyar da ɗari takwas sun shigo. Na duba na sake dubawa, na ɗauka kashi biyu za a turo. Har yamma babu komai.

Na rubuta wa Nedim: "Kuɗi sun shigo, amma ba su cika ba."

Ya amsa: "'Yan ƙananan caje-caje ne na banki, gimbiya. Kada ki wahalar da kanki."

"Dubu huɗu da ɗari biyu ne ƙanana?"

"Ranar Asabar zan yi miki bayani. Ki sa koriyar rigar nan, Mamata tana son ta."

Asabar ɗin ita ce ranar da shi da mahaifiyarsa za su zo "shan gahawa". Kowa a layinmu ya san abin da ake nufi, har matar da ke sayar mana da madara ta taya ni murna. Ni kaɗai ce ba a tambaya ba.

Ranar Alhamis na ba Majstor Ragib kafin alƙalami, shi da yaransa suka fara kwashe tayal. Ranar Juma'a na ƙi cin abincin rana na tafi bankin ni kaɗai.

Matar da ta karɓi sa hannuna ce a wurin, mai dogayen farata fenti ruwan hoda. Ta juyo da fuskar kwamfuta gabanta, ta fara jero min kamar mai karanta farashin kayan miya.

"Akwai tarar rufe tsohon bashi kafin lokacinsa."

"Wa ya rufe shi? Ƙari na nema."

"Ba a yi miki ƙari ba. An rufe tsohon, an buɗe sabo da ya haɗe duka biyun. Kuɗin buɗe fayil kuma a kan jimillar ake cirewa, ba a kan dubu ashirin kaɗai ba."

Ta ci gaba. Kuɗin wanda ya ƙiyasta darajar gida, wani mutum da ya tsaya a tsakar gidanmu ya ɗauki hoto da waya, ko takalmi bai cire ya shiga ba. Kuɗin lauya mai buga hatimi. Kuɗin ofishin filaye, na goge tsohuwar jingina da na rubuta sabuwa. Sabuwar inshora, alhali tsohuwar ba ta ƙare ba.

"Sai la'adar wanda ya kawo ki, dubu ɗaya da ɗari huɗu."

"Babu wanda ya kawo ni. Shekara huɗu ina zuwa nan da ƙafata."

Ta ɗago ta kalle ni. "Nedim mana. Shi ya shigo da fayil ɗin, shi ke da la'ada. Gwargwadon girman bashi, gwargwadon rabonsa."

Na tambaye ta yaushe zan gama biya. Ta danna, ta ce an ƙara shekara takwas don kada biyan wata ya yi min nauyi. Ina da shekara hamsin da uku zan gama.

"Da na zo da kaina fa?"

"Da babu la'ada. Kuma muna da ƙaramin bashin gyaran gida wanda ba sai an taɓa tsohon ba. Ruwansa ya ɗan fi, amma duk waɗannan ba za su hau kanki ba."

"Me ya hana ki faɗa min ranar?"

"Ba ki tambaya ba." Ta ɗan sassauta murya. "Kuma ya ce kun gama magana a gida. Ya ce ke ce matarsa ta gobe."

Na ce a soke. Ta ce ana iya rufe sabon ma, amma da tararsa. Na miƙe kafin in faɗi abin da zai sa mai gadi ya fitar da ni.

Masu karatu, na ji haushin bankin, kuma har gobe ina ji. An yanke ni ta ko'ina, kowane yanka da sunansa mai kyau da hatiminsa. Amma banki bai taɓa sumbatar hannun kakata ba. Banki bai taɓa jirana da burek ba.

Na koma gida na tarar da Mama ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin kicin tana murza ƙullin baklawa, kayan zaƙin da muke yi wa baƙi, gari har gwiwar hannu. Nana na gefe tana fasa ƙwayoyi masu kama da gyaɗa da ake zubawa a cikinta. Na faɗa musu komai, ban rage ba. Mama ba ta daina murzawa ba.

"To ai sana'arsa ce. Kyauta kike so ya yi?"

"Mama, da gangan ya kumbura bashin don rabonsa ya yi kauri. Shekara takwas ya ƙara min."

"Idan kin aure shi ai tare za ku biya."

"Ki saurari abin da kike faɗa."

Ta ajiye muciyar murjin da ƙarfi. "Ke ki saurare ni. Shekara huɗu gidan nan babu namiji. Famfo ya lalace in roƙi maƙwabci, ƙanƙara ta rufe ƙofa in ɗauki shebur da bayan nan nawa. Ƙannen ubanki sun wulaƙanta mu don sun san babu mai tsaya mana. Yanzu Allah ya kawo mutum mai sana'a, ɗan mutunci, uwarsa ƙawata tun muna 'yan mata, ki tsaya kina lissafi kamar mai awon tumatir? Sa'o'inki suna kai 'ya'ya makaranta."

"Ni na tsaya mana, Mama. Ni na biya ƙannen Babo."

"Na ce ba ke ba ce? Amma ke mace ce, za ki gaji." Ta kakkaɓe garin hannunta. "Gobe kada ki kunyata ni a gaban Hajrija. Ki dafa gahawa, ki zuba sukari, ki yi murmushi. Sauran magana bayan baiko."

Ta fita tana share ido da gefen hannu. A wurinmu gahawar ranar neman aure ita ce amsar yarinya, mai zaƙi eh, mai gishiri a'a. Sai da Mama ta rufe ƙofa Nana ta jefa ƙwaya ɗaya a baki.

"Uwarki ta ɓoye gishirin," ta ce. "Yana bayan buhun gari."

Asabar da la'asar suka iso. Rabin rufin a kware yake, guduma na ta bugawa a samanmu, ƙura na zubowa a kan labulen da Mama ta kwana tana gugewa. Na sa koriyar rigar, mai dogon hannu da maɓallai farare har wuya, na ɗaure gashina, na sa 'yan kunnen azurfar Nana. Ina so ya gan ni da kyau.

Hajrija ta shigo da baƙar jaka mai sarƙa da awarwaron zinariya uku, ta karɓi silifas ɗin baƙi tana duba silin. Nedim ya zo da furanni da kwalin cakulan, ya sa kwat ruwan toka. Ya sumbaci hannun Nana. Da ya juya na ga ta goge hannun a jikin wandonta.

Na kawo gahawa a faranti, na ba manya tasu, na miƙa wa Nedim tasa da hannu biyu. Ya kurɓa. Fuskarsa ta tattare, ya haɗiye da ƙyar, sannan ya yi dariya.

"Gwaji ne, Mama. 'Yan matan yanzu suna gwada haƙurin miji. Ko teku ta zuba zan shanye."

"Ba gwaji ba ne," na ce. Ban zauna ba. "Nawa ka samu a kaina, Nedim?"

"Ilhana," in ji Mama.

"Jiya na je banki. Dubu ɗaya da ɗari huɗu. Ka sa an rufe min bashina an buɗe sabo, alhali ka san akwai hanyar da ba sai an yi haka ba. Ka sani ko ba ka sani ba?"

Na ɗauka zai musa, ko ya sunkuyar da kai. Ko ɗaya bai yi ba. Murmushi ya yi, irin na wanda aka ɓata wa shirin ba-zata, ya sa hannu a aljihun kwat ya fito da ɗan jan akwati, ya buɗe shi a kan tebur tsakanin farantin baklawa da kofuna.

"Kin riga ni, gimbiya. Ga inda suka tafi. Wallahi ko marka ɗaya ban ci ba, har cikawa na yi daga aljihuna."

Zobe ne na zinariya da ɗan farin dutse. Hajrija ta tafa hannu a hankali.

"Kin gani, 'yata? Kuɗinki ba su fita daga gida ba. Yawo suka yi suka dawo yatsanki."

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace min ba, irin wadda ba ta da daɗin ji.

"Wato ni na saya wa kaina zoben baiko. Da bashi. Zan yi shekara ashirin da biyar ina biyansa da ruwa, kai kuma a ce ka yi bajinta."

"Kina kallon abin ta baibai."

"Rufin dubu goma sha tara ne, abin da ya zo hannuna bai kai sha shida ba. Ina zan samo cikon?"

"Ai shi ya sa nake nan. Bayan baiko zan yi wa kawu magana ya jira."

"Bayan baiko."

Nana ta miƙa wuya ta leƙa cikin akwatin, ta daɗe tana kallo.

"Yaro," ta ce, "wannan abin yana tare ruwan sama?"

Kunnuwansa suka yi ja. Karon farko ke nan da na ji muryarsa babu zuma a cikinta.

"Ba don ni ba, wane banki zai kalli mai albashi irin naki? Gida ya ruɓe, bashi har wuya, tsofaffi biyu a kanki. Na zo zan ɗauki duk wannan, ki tsaya a gaban uwata kina tuhumata kamar ɓarawo?"

"Wace ce tsohuwa ta biyun?" in ji Mama, a hankali.

Bai kula ta ba. Ni kuwa na ɗauki akwatin na rufe, na sa masa a tafin hannu, na naɗe yatsunsa a kai.

"Takalmanku suna bakin ƙofa."

Hajrija ta miƙe tana cewa, "Subhija, haka kika rene ta?" Mama ta bi ta tana ba ta haƙuri har tsakar gida. Ina tsaye a taga na ga Nedim ya ɗaga kai ya kira kawunsa. Suka yi magana a gindin tsani, gajeriya. Bugun guduma ya tsaya.

Bayan sun fita Majstor Ragib ya zo bakin ƙofa, hularsa a hannu, ya ƙi haɗa ido da ni.

"'Yata, uwar Nedim ƙanwata ce. Sabon tayal ɗin ma da sunansa aka ɗauko a shago. Na ja muku tamfol na danne da bulo, zai ɗan riƙe. Ku sasanta, ni ba na son shiga tsakani."

"Na ba ka dubu bakwai, Majstor."

"Na yi aikinsu, ki hau ki gani. Kwashewa ma aiki ne."

Suka loda kayansu a mota suka tafi. Na fito na ɗaga kai. Rabin gidan ubana shuɗin tamfol ne yana kaɗawa, kuma wayata tun safe take nuna ruwa daga gobe har Laraba.

Saƙon Nedim ya shigo ina nan tsaye: "Ki huce. Ki kira Mamata ki ba ta haƙuri, Litinin kawu zai dawo. Ina son ki duk da haka."

Na rubuta: "Ka riƙe kawunka." Na kashe wayar.

Na tarar da Mama a kicin tana kwashe kofuna. Ragowar kuɗin, dubu takwas da ɗari takwas, na ciro su tun Alhamis don sayen katako, na ba ta ajiya.

"Ɗauko min kuɗin nan, Mama. Akwai mai gyara a ƙauyen su abokiyar aikina, ko rabin da aka kware ne ya rufe mana kafin ruwa."

Ta ajiye kofin da ke hannunta, ta ja kujera ta zauna, ta kama gefen ƙyallen tebur tana murzawa.

"Ba su cika ba."

"Kamar yaya?"

"Jiya da safe, kina wurin aiki, na ba Hajrija dubu biyar. An kama zauren biki na watan Mayu, sun ce in ba a biya yanzu ba wasu za su ɗauka." Hawaye ya zubo mata. "Nedim ya ce kin amince, kunya ce kawai take hana ki faɗa. Ya ce maganar rufi a bar masa."

Jiya da safe. Wato lokacin da na dawo daga banki ina faɗa mata abin da ya yi min, tana murza baklawa ta riga ta san inda kuɗin suke.

Ban yi mata tsawa ba. Da na buɗe baki a lokacin, da na faɗi abin da ba a faɗa wa uwa. Daga ɗakin ciki ina jin tarin Nana. Na ɗauki jakata, na zura takalmi, na buɗe ƙofa. Mama ta biyo ni da silifas tana kiran sunana ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji.

Niyyata in taka har gidan Hajrija, in tsaya a ƙofarta har sai ta ƙirgo min dubu biyar ɗina. Amma ina fita layi na hango baƙar motar a ƙarshen titi. Ashe Nedim bai yi nisa ba. Ya kai uwarsa gida ya dawo, ya jingina da ƙofar mota, ya cire kwat ya rataya a kafaɗa, yana jefa jan akwatin sama yana cafewa. Da ya gan ni ya gyara tsayuwa ya buɗe min ƙofar gaba, kamar wanda ya san dole zan fito.

Na gyara riƙon jakata, na nufe shi, ba don in shiga motar ba, sai don a kansa zan fara bin dubu biyar ɗina.